Albasar da Ta Buɗe a Maiyama

Ranar Laraba ce, ƙarshen watan Mayu na shekarar 2005, ruwan farko ya sauka a Jega. Tun safe zafi yake dafa mutane. Bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara kwasar rumfunan bakin tasha tana jifa da su kan titi.

Lauwali bai ma san ana yi ba. Yana cikin shagonsa, wani ɗan ɗaki tsakanin mai faci da mai sayar da katin waya, yana zagin kwamfutarsa. Sana'arsa ke nan: ya ɗauki bidiyon biki ko suna ko saukar karatu, ya gyara, ya zuba a faifai. Kafin ita ya yi kabu-kabu, ya yi jiran kemis, ya yi fawa a rumfar babansa, ko ɗaya bai kai shekara ba. Makaranta ma daga aji uku na sakandare ya fito, ranar da ya riƙe bulalar wani malami. Duk Jega an san shi da zafin zuciya da rashin zama wuri ɗaya. Kwamfutar nan ce kaɗai ta taɓa zaunar da shi.

Ruwan na saukowa wata yarinya ta faɗo shagon, ta rungume ambulan a ƙirjinta, gyalenta ya jiƙe sharkaf.

"Malama, kada ki taka min wayar wuta!" Ya faɗa da tsawa, ko juyowa bai yi ba.

"Sallama niy yi ba a amsa ba," in ji ta. "Ashe da mutum ciki."

Ya juyo da niyyar mayar da magana, sai maganar ta ɓace masa. Doguwa ce, baƙa, ruwa na ɗiga daga girarta, tana kallonsa ido cikin ido ba alamar tsoro. Ya miƙe ya ba ta kujerarsa, wadda bai taɓa ba kowa ba.

Sunanta Iklima, ɗiyar Alhaji Gado na Aliero, mai fataucin albasa. Hotunan saukar karatunta ta kawo a haɗa mata a faifai. Yana duba hotunan, ita kuma idonta ya tsaya kan fuskar kwamfutar, inda wasu zobba fari da ja suke ta juyawa ɗaya cikin ɗaya.

"Mi na wanga?"

"Mabuɗi nika haɗawa," ya ce. "In an sa faifai, kafin a danna a fara kallo, talabijin tsaye take ba komi, mutane su ƙosa. Ina son abin da zai riƙe musu ido. Yau kwana tara ina kai."

Ta tuntsire da dariya.

"Kwana tara kana zanen yankakkiyar albasa?"

Jini ya hau masa kai. Ya kalli zobban zai yi musu, sai ya ga wallahi albasa ce, irin wadda ake yankawa kan tsire.

"In albasa kaka so, yi ta sosai," ta ce, tana matse bakin gyalenta. "Ka zana ta guda, ta riƙa buɗewa ɓawo bayan ɓawo, kowane ɓawo da hoto ciki. Mu da ita munka tashi, ba ta ƙare buɗewa da wuri."

Lauwali ya jawo kwalin faifai ya fara zane a bayansa. Har ruwan ya ɗauke bai ɗago ba, sai da ta kai bakin ƙofa.

"Ba ki ba ni lamba ba. Don in aikin ya ƙare."

"Don aikin," ta ce, ta karanto masa.

Aikin saukar kwana biyu ya ɗauka. Albasar kuwa kwana arba'in ta ci. Ya zana ɓawo bakwai, kowanne da hannu, ya koya musu yadda za su naɗe su faɗi gefe a hankali, hoto ya fito daga ciki yana haske. Kwamfutar tsohuwa ce, motsin daƙiƙa goma sai ta yi rabin wuni tana haɗa shi, in an ɗauke wuta a tsakiya a koma farko. Sau biyu yana jifa da kujera waje. Amma duk Juma'a bayan la'asar yana kan babur zuwa Aliero, ya tsaya gindin dalbejiyar ƙofar gidan Alhaji Gado, da wankakkiyar riga.

A tsakanin Juma'a da Juma'a kuma sai saƙon waya.

"Mai albasa, ɓawo na uku ya buɗe yau. Ina buƙatar hoton gwaji. Ki ba ni izini in sa naki na sauka. Kullum shi nika kallo dama."

"Ɗan zafi, na ba ka, amma gwaji kawai. In wani ido ya gan shi ban da naka, ni da kai ne. Ka ci abinci?"

"Ban ci ba. Na ƙoshi da saƙonki."

"Ƙarya. Je ka ci. Ba ni son miji ramamme."

Ya karanta kalmar miji ya fi sau ashirin, ya fita ya saya wa mai faci lemo ba dalili.

Da manyansa suka je neman izini, Alhaji Gado ko tabarma bai sa an shimfiɗa musu ba. Ya ce shi bai ba ɗan mahauta ɗiya, balle wanda ya gudu daga makaranta yana wasa da hotunan matan mutane. Ya ce akwai Zaharaddeen, ma'aikacin ƙaramar hukuma a Maiyama, mai takarda da albashi, shekara guda yana zuwa gaisuwa.

Lauwali ya ji labari ya hau babur zai tafi Aliero a fusace. Saƙonta ya tare shi a bakin gari.

"Na san ka. Kashe babur ɗin. Baba bai san aikinka ba, shi ya sa. Bikin Zulai ɗiyar baffana wata mai zuwa, Baba ne waliyyinta. Na sa an ba ka ɗaukar. Ka yi abin da zai gani ya yi shiru."

Ya kashe babur ɗin.

Aka yi bikin Zulai da Ummaru, wani mai shagon kayan masarufi a Maiyama. Lauwali ya ɗauka tun daga kamu har kai amarya, ya dawo ya rufe kansa a shago kwana shida. Wannan ne faifan farko da albasar za ta fito a cikinsa. Ya cire hotunan gwaji, ya sa na ango da amarya, ya buga faifai sittin, aka raba wa dangi da abokan arziki.

Ga inda ya yi kuskuren. Hoton ango guda ɗaya ne a duk ɓawon bakwai, da can nasa ne yake gwaji da shi, da ya canja shi sai ya canju ko'ina. Na amarya ma haka, ban da ɓawo na bakwai. A can ciki ya sa hoton Iklima daban, ya rubuta HAR ABADA a ƙasa da ruwan zinariya, ya ɓoye, yana nufin ya nuna mata ranar da aka ba shi ita. Ɓawo na bakwai ba ya buɗewa sai an bar faifan minti biyu cif ba a danna komai ba. Lauwali kuwa tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa jiran minti biyu ba. Duk gwajin da ya yi, ɓawo na biyu na faɗuwa yake dannawa ya wuce.

Ranar Asabar bayan azahar mata suka cika tsakar gidan Ummaru a Maiyama, dangin ango da na amarya, aka fito da talabijin, aka tada janareta. Aka sa faifan. Jar albasa ta bayyana tana juyi, ta fara buɗewa, mata suka ɗauki guɗa. Aka ɗauko rimot a danna, ashe batirinsa ya mutu. Wata ta tafi aro maƙwabta.

Kowa ya zauna yana kallo. Ɓawo na huɗu, na biyar, na shida, ango da amarya suna ta fitowa ana tafi. Na bakwai ya naɗe ya faɗi. Ga Ummaru da babbar riga. Ga Iklima kusa da shi tana murmushi. HAR ABADA.

Tafin ya tsaya. Albasar ta rufe, ta sake farawa daga farko, ba mai iya tsayar da ita, har ta sake kaiwa can. Iklima tana zaune a gaba, kafaɗarta jingine da ta Zulai. Zulai ta janye kafaɗarta.

Kafin la'asar amarya ta haɗa akwatinta ta koma Aliero. Kafin washegari duk wanda ke da faifan ya ji cewa a sa shi a jira minti biyu.

Saƙon da ya iso wa Lauwali gajere ne.

"Na ce maka gwaji kawai."

Ya kira ba ta ɗauka ba. Ya aro faifan ya sa, ya zauna, karo na farko a rayuwarsa ya jira. Da ya gani sai ya ɗauki akwatin faifan da bai buga komai a kansu ba ya maka da bango.

Ya isa Aliero rana tsaka. Ba ta fito gindin dalbejiya ba, a bayan ƙyauren zaure ta tsaya, fuskarta rabi kawai yake gani. Idonta ya kumbura.

"Iklima, kuskure ne, wallahi tallahi. Ni ya kamata in kasance wurin, ba Ummaru ba."

"Kai ya kamata? Wa yab ba ka izini ka jera ni da kowa? Ka san abin da aka ce min a bakin rijiya? Ka san Zulai, da munka kwana ɗaki guda shekara goma sha takwas, ta ce in na mutu kada a gaya mata?"

"Zan gyara."

"Da mi? Da kwamfuta?" Ba ta yi ƙasa da murya ba. "Kai komi naka sauri. Ka yi fushi da sauri, ka bar makaranta da sauri, ka so ni da sauri. Minti biyu, Lauwali! Sunana bai kai ka zauna minti biyu ba."

Ta share ido da bakin gyale, ta sake magana.

"Faifai nawa kab buga?"

"Sittin."

"Ka kawo min sittin, in ƙirga da hannuna. In saura ɗaya, kada ka sake tsayawa ƙofar gidan ga."

Ta tura ƙyauren.

Damina ta kankama a lokacin. Lauwali ya kulle shago, ya buga gyararren faifai sittin da babu albasa a cikinsu, ya zuba a jakar buhu, ya fara bin gidaje yana musanya. Jega da Aliero sun zo da sauƙi, in an cire baƙar magana. Wata tsohuwa ta ce masa sai ya zauna sun kalla tare tukuna, ita ba ta gani ba. Wani direba ya tambaye shi nawa yake karɓa ya haɗa mutum da matar maƙwabcinsa. Duk ya haɗiye.

A hanyar Dangamaji babur ya kafe a laka, ya tura shi tafiyar awa biyu don faifai ɗaya. A Kuberi ya tarar mai faifan ba shi ma da talabijin, ya rataye shi a bango don ado, kuma ya ce ba zai bayar ba sai an ba shi mai sheƙi irinsa. Duk inda ya kwana biyu bai je ba, sai ya tarar faifan ya tafi aro wani ƙauye.

Kullum yana tura mata lissafi.

"Talatin da ɗaya. Ina sonki."

"Arba'in da takwas. Na faɗi a laka, ban ji ciwo ba. Ina sonki."

Ba ta amsa ko ɗaya ba, sai a na hamsin da tara.

"Saura ɗaya."

Na sittin yana hannun Zaharaddeen. Shi ma an ba shi a matsayin abokin ango. Lauwali ya same shi a Maiyama, zaune kan benci gaban shagon mai shayi da abokansa, da farar shadda da biro biyu a aljihu.

"Malam Zaharaddeen, faifan bikin Ummaru niz zo karɓa. Ga gyararre."

"A'a, babban darakta!" Zaharaddeen ya ce, yana kallon abokansa. "Ai ni wancan ya fi min. Ya fi gaskiya."

"Don Allah."

"Ka ji ɗan mahauta na roƙo. To wanne za ka karɓa? Na kai Birnin Kebbi an buga min goma sha biyu, na raba. Mutane su san irin wanda ka shiga gidajensu da kyamara. In Alhaji ya gama da kai, ni zan rufa wa yarinyar asiri in aure ta haka nan."

Lauwali bai san lokacin da ya ci kwalarsa ba. Ya ɗaga shi daga kan bencin, biro biyun suka zube. Hannunsa na dama ya dunƙule ya tashi sama. A nan ya ga abin da zai biyo baya sarai: gobe duk Maiyama za a ce ɗan mahauta ya daki ma'aikaci a kan ɗiyar Alhaji Gado, sunanta ya sake shiga baki. Amma naushin ya riga ya taso, dole ya sauka wani wuri. Ya sauke shi kan ginshiƙin rumfar mai shayi.

Yatsu biyu suka karye. Ya saki kwalar, ya juya ya tafi.

A Aliero aka ɗaure masa hannun, wurin masu ɗori. Daga nan ya aika wa Alhaji Gado roƙo ɗaya ta bakin limamin unguwa: a ba shi rabin awa a zaure, a kira Ummaru, a kira Zulai, ya nuna yadda abin ya faru, bayan nan in an ce kada ya sake taka Aliero ba zai taka ba.

Alhaji ya yarda, don Zulai sati uku ke nan tana gidansa ta ƙi komawa ɗakinta.

Ranar Litinin da hantsi Lauwali ya iso bayan ɗan kabu-kabu, ya rungume kwamfuta da hannu ɗaya, an lulluɓe ta da ledar taki saboda yayyafi. Aka jawo wuta daga cikin gida. Alhaji Gado yana kan buzu, Ummaru a gefe ya rame kamar wanda ya yi jinya. Zulai da Iklima suna bayan labule, kowacce a nata gefen. Ba a gayyaci Zaharaddeen ba, amma ya zo, da faifansa a hannu.

Lauwali ya zube jakar a gaban Alhaji.

"Hamsin da tara, Alhaji."

Sannan ya buɗe aikin da hannun hagu, yana kuskure yana sakewa. Ya nuna musu ɓawon ɗaya bayan ɗaya. Ya nuna yadda hoton ango yake canjawa ko'ina lokaci guda: ya cire Ummaru ya sa hoton wani ragon layya, sai ga rago a duk ɓawon bakwai. Wata dariya ta kuɓuce daga bayan labule, ta Zulai ce, ta yi maza ta danne. Ya buɗe tsohon aikin na gwaji, mai kwanan wata tun kafin a sa ranar bikin. A ɓawo na bakwai ga Iklima, ga Lauwali da hularsa a karkace. HAR ABADA.

Ummaru ya sauke ajiyar zuciya mai ƙarfi.

"Zulai, kin gani? Wallahi ko gaisuwar kirki ban taɓa yi da ita ba!"

Alhaji Gado bai yi dariya ba. Ya tashi tsaye.

"Wato kai, tun ban san da kai ba, ka ɗaura wa ɗiyata aure cikin akwati? Kai na waliyyi, kai na liman, kai na ango?"

"Na yi laifi, Alhaji."

"Laifi? Shekara talatin ina kai albasa kudu, ba a taɓa nuna ni da baki ba sai a kanka! Jiya a masallaci wani yat tambaye ni wace ɗiya ce tawa, ta ɓawo na shida ko ta bakwai!"

Zaharaddeen ya matso yana gyara hula.

"Ai shi ya sa, Alhaji, ban bari abin ya ɓoyu ba. Ga shedar nan na riƙe. Na ma sa an ƙara bugawa don jama'a su san halinsa."

Alhaji ya juyo a hankali.

"Kas sa anka ƙara mi?"

"Bugawa, Alhaji. Goma sha biyu kawai."

"Hoton ɗiyata."

"Don a san shi ne..."

"Wanga yaro," Alhaji ya nuna Lauwali ba tare da ya kalle shi ba, "wauta tai yay yi sau guda, yab bi laka sati ukku shina kwashewa. Kai da hankalinka da takardarka kab biya mota har Birnin Kebbi don ka ƙara watsa ta. Kuma kana zuwa gidana kana cin tuwona." Ya miƙa hannu. "Kawo."

Zaharaddeen ya miƙa faifan.

"Za ka rubuta sunan duk wanda kab ba. Sa'annan ka ga ƙofar can? Ka yi mata kallon ƙarshe."

Bayan Zaharaddeen ya rubuta ya fita, Alhaji ya jefa faifan kan tulin.

"Sittin," in ji wata murya daga bayan labule. Ta Iklima ce.

Alhaji ya nuna kwamfutar da sandarsa.

"Albasar ga, kashe ta. Duk inda take ciki. Yanzu, ina gani."

Lauwali ya kalli fuskar kwamfutar. Kwana arba'in ne a wurin, da mafi kyawun abin da hannunsa ya taɓa yi, kuma ba shi da wani kwafi. Ya ji zafin nan da ya saba ji yana tasowa daga ƙirji zuwa wuya. Ya bar shi ya taso, ya jira, ya jira, har ya koma. Sannan ya goge aikin, ya goge na gwajin, ya buɗe kwandon shara na kwamfutar ya zubar.

"Baba," Iklima ta ce, "ni nib ba shi hoton. Kuma albasar ma ni nik kawo shawararta. In hukunci za a yi, da ni."

"Ke yi min shiru!"

"Na yi shiru, Baba. Amma ba ni auren kowa in ba wanda yaɓ ɓata min suna ba. Shi ya ɓata, shi zai zauna ya gyara."

Alhaji ya daɗe yana kallon labulen. Ya kalli ɗaurarren hannun Lauwali, ya kalli tulin faifan da laka ta bushe a jikin wasu.

"Na ce ba ni ba ɗan mahauta," ya ce a ƙarshe. "To ga ɗan boko na gani." Ya koma kan buzunsa da ƙyar. "Ƙasar ga duka ta ga ɗiyata kusa da mijin wata. Gara su gan ta kusa da nata. Ka turo manyanka. Amma ka ji sharaɗina: bikin ga ba kyamara. Ko ta hoto. In nig ga mai ɗauka ko daga nesa, na fasa."

"Na yarda, Alhaji."

"Ba ka yi tunani ba."

Lauwali ya ƙirga a zuciyarsa har ya tabbata ya daɗe.

"Na yarda, Alhaji."

A ranar da yamma Zulai ta bi mijinta Maiyama. Kafin ta hau babur ta tsaya gaban Iklima, suka kalli juna, sai ta ce, "Ragon ma ya fi Ummaru kyau." Suka rungume juna suna kuka suna dariya.

Saƙon Iklima ya same shi a hanyar Jega.

"Ɗan zafi, ban huce ba tukuna. Amma ka ci abinci. Hannun yana ciwo?"

"Yana yi, sanyin idona. Saura goma sha biyu na Zaharaddeen, gobe zan fara."

"Ka bari hannun ya warke. Zan jira. Ni na iya."

Bayan an cire amfanin gona aka ɗaura auren Lauwali da Iklima a ƙofar gidan Alhaji Gado. Mahautan Jega suka zo mota biyu, suka gasa naman da har yau ana maganarsa a unguwar. Ummaru ne babban abokin ango, Zulai ce ta riƙe hannun amarya har ɗakinta. Da za a tafi da ita Alhaji ya dafa kanta. Ya ce Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, Ya sanyaya zuciyar mijin, Ya tsare sunan matar. Jama'a suka ce amin. Allah Ya sa albarka, Ya bar su tare.

Abin da aka rasa kuwa ga shi. Faifai sittin da tara, Iklima ta karya su da taɓarya ta zuba a tsohuwar rijiya. Uku daga cikin na Zaharaddeen ba a same su ba har yau. Aikin kwana arba'in, wanda Lauwali bai sake zana irinsa ba. Bukukuwa goma sha ɗaya da aka fasa ba shi a daminar nan. Tayar bayan babur ɗaya. Yatsu biyu na hannun dama da suka warke a karkace. Da hoton aurensu, wanda babu shi ko guda ɗaya.